Ƙwayoyin hanji ba za su biya bashin akushi ba

Wani sabon ciniki ya kankama a wayoyin mutane. Gajerun bidiyoyi da dogayen saƙonni suna shelar cewa asalin mantuwa da kasala da ƙuncin rai da rashin barci yana cikin hanji, wai ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can ne suka daina samar wa ƙwaƙwalwa bitamin B1, wanda masana ke kira tayamin. Mafitar da ake tallatawa kuwa kwalba biyu ce: ɗaya ta ƙwayoyi masu rai da ake kira furobayotik, ɗaya ta tayamin mai yawan da ya ninka bukatar jiki sau ɗaruruwa. Wasu masu tallar har sukan ƙara da cewa cutar Alzheimer da ta Parkinson duk a nan maganinsu yake.

A daidai lokacin da ake wannan shela, abin da littattafan likitanci suka daɗe suna gargaɗi a kansa yana ci gaba da faruwa ba mai yi masa talla. Mace mai cikin wata uku, wadda laulayi ya hana ta riƙe ko da kurɓin ruwa tsawon makonni, akan kai ta asibiti a galabaice. A ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari, ba a haɗa mata da tayamin ba. Bayan 'yan kwanaki idanunta su soma rawa, ta riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ta kasa tsayawa da ƙafafunta, ta daina gane inda take. Dangi su ce iska ce, su nemi a sallame ta a koma gida. Allurar da za ta hana wannan duka tana cikin magunguna mafi araha a duniya.

Dangantakar da ke tsakanin tayamin da ƙwayoyin hanji da ƙwaƙwalwa gaskiya ce, kuma ta cancanci bincike. Sai dai yadda ake sayar da ita ya kifar da lamarin: ɓangaren da har yanzu hasashe ne shi ake kururutawa, ɓangaren da aka tabbatar fiye da shekara ɗari kuwa an bar shi yana nakasa mutane shiru. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan ne kuma karo na biyu da ƙwayoyin bakteriya suka ɗauke hankalin jama'a daga abin da ke cikin akushi, kuma karo na farko an biya kuɗinsa da dubban rayuka.

Aikin da tayamin ke yi

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa yayin hutu, kuma kusan dukansa daga sukarin gulukos take samo shi. Kafin sukarin nan ya zama kuzari sai ya bi ta hannun wasu sinadarai masu sarrafa shi, waɗanda ake kira enzayim, kuma uku daga cikin manyansu ba sa motsi sai da tayamin. Idan babu shi, sukarin yakan tsaya rabin hanya ya koma wani tsami mai suna laktik asid, ƙwayoyin jijiya su rasa kuzari, wasu su mutu. Kamar injin niƙa ne da bel ɗinsa ya tsinke: ƙara jibge buhunan hatsi a bakin ƙofa ba ya fitar da gari. A jikin mutum ma abin ya fi haka muni, domin sabon sukarin da aka zuba yakan lashe ɗan tayamin da ya rage. Shi ya sa ƙarin ruwa mai sukari ke iya tunkuɗa wanda ke bakin rami ya faɗa ciki.

Bukatar ba ta da yawa: miligiram 1.2 a rana ga namiji baligi, 1.1 ga mace, 1.4 ga mai ciki da mai shayarwa. Matsalar ita ce jiki ba ya tara shi. Duk abin da ke jikin baligi bai wuce miligiram 30 ba, kuma makonni biyu zuwa uku na rashin ci ko yawan amai sun isa su ƙarar da shi. Wanda abincinsa ya fi karkata ga farar shinkafa da fulawa da sukari da garin rogo yana ƙara wa kansa bukata alhali yana rage abin da ke shiga.

Idan ƙarancin ya taɓa jijiyoyin ƙafa da hannu, ko ya raunana zuciya har jiki ya kumbura, sunan cutar beriberi, kalmar da ta fito daga Asiya, ba ta kuma da alaƙa da Barebarin Borno. Idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, sunanta cutar Wernicke, daga likitan Jamus Carl Wernicke wanda ya bayyana ta a 1881. Idan aka makara, takan bar wata mantuwa mai wuyar warkewa wadda likitan Rasha Sergei Korsakoff ya siffanta a ƙarshen shekarun 1880: mutum ya kasa riƙe sabon abu, ya riƙa cike giɓin da labaran da shi kansa ya yarda da su.

Karo na farko da aka bi ƙwayar cuta aka bar akushi

A shekarun 1880 duniyar likitanci ta bugu da nasarorin Louis Pasteur da Robert Koch. Kowace cuta sai an nemo mata ƙwaya. Beriberi na ta kashe sojoji da fursunoni da leburori a Japan da tsibiran da Holan ke mulka a Indunusiya ta yau, daidai lokacin da injinan casa suka sa farar shinkafa ta yi araha. Maimakon a dubi shinkafar, sai aka shiga farautar ƙwayar cutar. A 1885 wani masani a Tokyo, Ogata Masanori, ya yi shelar cewa ya gano ta. Babu ita.

Likitan sojan ruwan Japan, Takaki Kanehiro, ya bi wata hanya dabam. Jirgin horo mai suna Ryujo ya dawo daga doguwar tafiya a 1883 da mutum 169 cikin 376 sun kamu, 25 sun mutu. A 1884 Takaki ya sa aka tura jirgin Tsukuba ya bi hanyar nan ɗin, da abinci mai nama da madara da kayan lambu. Mutum 14 kacal suka kamu, ba wanda ya mutu. Bayanin da ya bayar kuskure ne, domin ya ɗauka ƙarancin furotin ne sila, amma abincin ya yi aiki, kuma cikin 'yan shekaru cutar ta kusa ɓacewa daga sojan ruwa, inda aka koma gauraya shinkafa da sha'ir. Likitocin sojan ƙasa kuwa, waɗanda suka yi karatu a Jamus, ciki har da Mori Rintaro, suka ce wannan ba kimiyya ba ce tun da ba a nuna ƙwaya ba. Suka ci gaba da ciyar da dakaru farar shinkafa. A yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905 sojoji fiye da 200,000 suka kamu da beriberi, kimanin 27,000 suka mutu.

A tsibirin Java ma ƙwayar cuta aka tura Christiaan Eijkman ya nemo, bayan ya yi aiki a ɗakin binciken Koch. Kaji ne suka karkato da shi. Wajen 1890 kajin ɗakin bincikensa suka soma shanyewar ƙafa lokacin da ake ba su ragowar farar shinkafar asibitin soja, suka kuma warke da aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba. Gerrit Grijns ne ya faɗi gaskiyar magana a 1901: akwai wani abu a dusar shinkafa da jiki ba ya rayuwa sai da shi. A Kuala Lumpur, William Fletcher ya raba majinyatan wani asibitin mahaukata gida biyu, ya buga sakamakon a 1907: cikin 120 da suka ci farar shinkafa 34 suka kamu, 18 suka mutu, cikin 123 da suka ci wadda aka turara kafin a cashe, biyu kawai aka samu da cutar, ba a rasa kowa ba. Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin a 1912, Jansen da Donath suka ware sinadarin a 1926, Eijkman ya samu kyautar Nobel a 1929, Robert Williams ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1936.

Darasin a fili yake. Ilimin ƙwayoyin cuta gaskiya ne, ya kuma ceci miliyoyin mutane, amma da ya zama yayi sai aka riƙa cusa shi inda ba wurinsa ba, aka raina amsar da ke gaban ido don ta yi sauƙi da yawa.

Abin da ƙwayoyin hanji ke yi da tayamin

Ƙiyasin da aka buga a 2016 ya nuna cewa jikin baligi na ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukansu a babban hanji. Dangane da tayamin sun kasu uku: masu ƙera shi, masu ci, da masu lalatawa.

Masu ƙerawa sun haɗa da dangin Bacteroides da Prevotella. A 2014 ɗakin binciken Hamid Said a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya gano wata ƙofa a bangon babban hanji wadda ke shigar da irin tayamin da bakteriya ke ƙerawa. Ke nan jiki na iya cin moriyar wani abu daga ciki. Tambayar ita ce nawa. A 2015 Stefanía Magnúsdóttir da abokan aikinta sun duba kundin halittar nau'o'in bakteriyar hanji 256, suka ƙiyasta gudummawar da za su iya bayarwa ga kowane bitamin na dangin B. Na tayamin ya tsaya a kusan kashi 2 cikin 100 na bukatar rana. Lissafi ne, ba awo a jikin mutum ba, amma tarihi ya riga ya gaskata shi: sojojin Japan da suka mutu duk suna da hanji cike da bakteriya, ba su kuma tsira ba. Wurin da aka fi tsotse tayamin shi ne farkon ƙaramin hanji, nesa da inda taron bakteriya yake.

Masu ci su ne waɗanda ba sa iya ƙera nasu, kamar Faecalibacterium, wadda ke samar da wani mai da bangon hanji ke rayuwa a kansa. Yawancin abin da masu ƙerawa suka fitar maƙwabtansu ne ke cinyewa. Kasuwa ce ta cikin gida, ɗan abin da ya rage ne ke isa ga mai gidan.

Masu lalatawa su ne masu fitar da wani enzayim da ke datsa tayamin gida biyu, irin su Paenibacillus thiaminolyticus da Clostridium sporogenes. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa rikicewar ƙwayoyin ciki na iya lalata ƙwaƙwalwa ta hanyar tayamin tana wurin masu kiwo. Tumaki da awaki da shanu sun dogara ne ga bakteriyar tumbinsu don samun tayamin, kuma tumbin yana gaban hanji, saboda haka duk abin da aka ƙera a can yana bi ta wurin tsotsa. Wanda ya turke rago domin layya, ya ɗauke shi daga ciyawa da harawa ya ɗura masa tsabar hatsi farat ɗaya, yana iya sauya mazauna tumbin har masu lalatawa su yi rinjaye. Sai ragon ya makance, ya riƙa kewaya wuri ɗaya, ya ɗaga kai sama kamar mai ƙirga taurari, ya faɗi yana shure-shure. Likitocin dabbobi sun san cutar, sun kuma san allurar tayamin kan tashe shi idan ba a makara ba. Mutum ba shi da tumbi irin na rago. Abin da ya fi kusa da wannan a jikinsa shi ne yaɗuwar bakteriya zuwa ƙaramin hanji, kamar yadda ake gani bayan tiyatar rage ciki, inda aka ba da rahoton ƙarancin tayamin tare da ita. Wannan lalura ce ta asibiti mai gwaji da magani, ba abin da za a gano ta kallon bidiyo ba.

Akwai wani bincike da ya kamata masu talla su karanta. A 2010 Carlotta De Filippo da abokan aikinta sun kwatanta hanjin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Florence na Italiya. Hanjin yaran ƙauyen cike yake da Prevotella. Shekara guda bayan haka wani babban bincike ya nuna cewa hanjin da Prevotella ta mamaye ya fi wadata da kayan ƙera tayamin. Wato abincin da ke ciyar da masu ƙera tayamin shi ne dai abincin da ke ɗauke da tayamin ɗin tun asali: hatsi da dusarsa, da wake. Kwalaben furobayotik da ke kasuwa yawanci Lactobacillus da Bifidobacterium ne a ciki, kuma sukan wuce ne kamar baƙi, su ɓace ba da daɗewa ba bayan an daina sha.

Auna alƙawuran da ake yi wa ƙwaƙwalwa

Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wata doguwar jijiya mai suna bagus, ta garkuwar jiki, da ta sinadaran da bakteriya ke fitarwa. Tun 2004 Nobuyuki Sudo ya nuna a Japan cewa ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu sun fi firgita idan aka takura su. Mafi yawan hujjojin wannan fanni har yau daga ɓeraye suke, kuma tsakanin ɓeran keji da tsohuwar da ta soma manta sunayen jikokinta akwai tafiya mai nisa.

A kan Alzheimer, Gary Gibson na Cibiyar Burke a jihar New York ya buga gwajin benfotayamin, wani ɗan'uwan tayamin, a 2020. Mutum 70 ne, tsawon shekara guda. An ga alamun da suka isa a ci gaba da bincike, amma babban ma'aunin da aka tsara gwajin a kansa bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba, shi ya sa aka shirya gwaji mafi girma. A kan Parkinson, rahotannin likitan Italiya Antonio Costantini, waɗanda masu talla ke yawan ambato, ba su da rukunin da aka ba maganin bogi don kwatantawa, a cutar da aka san tsammanin samun sauƙi kaɗai na iya rage alamunta na ɗan lokaci.

Gwajin da ya fi kusa da haɗa abubuwan uku an yi shi ne a Aarhus ta Denmak. A 2021 Palle Bager ya ba majinyata 40 masu kumburin hanji da gajiya mai naci tayamin miligiram 600 zuwa 1,800 a rana tsawon mako huɗu, gajiyar ta ragu fiye da ta lokacin da suka sha na bogi. Binciken da ya biyo baya ya nuna waɗanda suka amfana sun fi yawan Faecalibacterium prausnitzii a hanjinsu. Sakamako ne mai jan hankali. Amma da aka maimaita irin gwajin a kan masu wata cutar hanta mai gajiyarwa, tayamin bai fi na bogi ba. Haka aka yi da haɗin tayamin da bitamin C da haidirokotizon da aka yi wa shela a 2017 a matsayin maganin gubar jini: manyan gwaje-gwajen 2020 da 2021 ba su tabbatar da shi ba. Wanda ya ɗauki mutum 40 masu wata keɓantacciyar cuta ya mayar da su hujjar sayar wa kowa kwalba ya wuce gona da iri.

Inda ake asarar gaske

A 1986 Clive Harper ya buga binciken gawarwaki 131 a birnin Perth na Ostiraliya, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta nuna cutar Wernicke. Kashi 80 cikin 100 ba a gano cutar ba suna raye. Kashi 16 cikin 100 kawai suka nuna alamu ukun da ake koya wa ɗalibai, wato ruɗewa da rawar ido da tangaɗi. Likitan da ke jiran su cika uku zai rasa mafi yawan majinyatansa. Ostiraliya ta wajabta sa tayamin a fulawar burodi a 1991, kuma binciken gawarwaki na bayan haka ya nuna cutar ta ragu ƙwarai.

An saba danganta cutar da mashaya giya, wannan ya sa a wuraren da ba a cika shan giya a fili ba ake ɗaukar ta baƙuwa. Alhali ɗaya daga cikin majinyata ukun da Wernicke ya fara bayyanawa mace ce da amai ya addaba. Mai laulayi, mai ciwon daji, mai shan maganin fitar da ruwa irin furosemayid, yaron da tamowa ta kama aka soma ciyar da shi, fursuna, ɗan gudun hijirar da ke rayuwa kan awon farar shinkafa, duk suna cikin haɗari. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da isasshen tayamin yakan kamu a watanninsa na farko: muryarsa ta dushe, numfashi ya yi sauri, zuciya ta gaza, a ɗauka ciwon huhu ne. Allura kan dawo da shi cikin sa'o'i. A Isra'ila a 2003 wata madarar jarirai ta waken suya ta fito ba tayamin a ciki, jarirai suka mutu, kuma bayan shekaru aka tarar da yawa daga cikin waɗanda suka sha ta suna fama da matsalar harshe da fahimtar jimla, har da waɗanda ba su nuna ciwo ba a lokacin.

Afirka ta Yamma ba ta tsira ba. A daminar 1988 beriberi ta kama aƙalla mutum 140 a Gambiya, 22 suka mutu. Tsakanin 2002 da 2003 ta kama ɗaruruwan fursunoni a babban kurkukun Abidjan. A kudu maso yammacin Nijeriya, a yankin Ilesha da Ikare, an daɗe ana ganin wata karkarwa da tangaɗi da ke zuwa da damina, wadda aka fara bayyanawa a 1958, a nan ma ƙwayar cuta aka fara zarga. Likitan jijiya Bola Adamolekun ne ya danganta ta a farkon shekarun 1990 da cin wata tsutsa mai suna Anaphe venata a tsakanin mutanen da abincinsu ya dogara ga rogo, ya kuma nuna tayamin na warkar da ita. A 2000 aka tabbatar da cewa tsutsar na ɗauke da enzayim mai datsa tayamin wanda ke jure zafin girki.

Abin da ke faruwa a turmi da tukunya

Tayamin a ɓawon hatsi da ƙwayar tsironsa yake zaune. Duk surfen da ya tsananta yana tura shi cikin dusa, dusar kuma ta tafi ga akuya. Gumi, wato shinkafar da aka jiƙa aka turara kafin a cashe, yana riƙe da nasa domin tururi na kora bitamin ɗin zuwa cikin ƙwaya, kuma matan da ke wannan sana'a a yankunan noman shinkafa suna yin abin da Fletcher ya tabbatar da amfaninsa tun 1907. Farar shinkafar da ba a turara ba, wadda aka wanke sau uku ko huɗu, aka kuma tsiyaye ruwan dahuwarta, kusan sitaci kawai ta rage. Kanwa abokiyar gabar tayamin ce, domin ba ya jure ta a kan wuta: waken da aka cika wa kanwa don ya yi saurin nuna, da kunun kanwar da mai jego ke sha a daidai lokacin da bukatarta ta ƙaru, duk sun rasa wani kaso na abin da ke cikinsu. Shayi mai kauri da ake sha a kan abinci shi ma yana rage amfaninsa. Masu shan Flagyl ba izinin likita duk lokacin da ciki ya murɗa kuwa su sani cewa Bacteroides da Prevotella na cikin waɗanda maganin ke kashewa.

Mai kare kasuwar zai ce ina laifi, tun da ƙwayar tayamin ba ta da guba kuma rararsa a fitsari take fita. Wannan gaskiya ne, kuma wanda likita ya ga yana cikin haɗari lallai ya sha. Laifin yana wurare uku. Kuɗin kwalba ɗaya ya isa ya sayi wake da gyaɗa da riɗi na makonni. Haɗe-haɗen bitamin B da ake sha ba ƙa'ida sukan zo da B6 mai yawa, wanda shi kansa yana lalata jijiyoyi idan aka daɗe a kansa. Mafi muni kuma shi ne jinkiri: mantuwa da ruɗewa na iya zama hawan jini da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ciwon sukari, ko cutar maƙoƙo, ko ciwon damuwa, kuma kowane wata da aka ɓata ana gyaran hanji asara ce. Zai kuma ce asibiti ne ya yi sakaci har mutane suka koma ga masu talla. Nan ma ya yi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma maganin tsagewar bango shi ne a liƙe shi.

Liƙewar ba ta da tsada. Tayamin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kamata a same shi a kowane ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa da cibiyar kula da tamowa. Kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta tanadi a ba da shi ga duk macen da aka kwantar saboda amai mai tsawo, musamman kafin ruwa mai sukari, kuma babu dalilin da zai hana ungozoma a Gusau ko Maraɗi bin wannan ƙa'ida. Wanda sukarinsa ya faɗi ba a jinkirta masa gulukos, sai dai a haɗa masa da tayamin nan take. Ba a jiran sakamakon gwajin jini, domin amsar da majinyaci ya bayar bayan allura ita ce gwajin. Hukumomin da ke ciyar da fursunoni da 'yan gudun hijira da ɗaliban kwana su sayi gumi a maimakon farar shinkafa, su haɗa da wake. Nijeriya ta wajabta ƙara sinadaran gina jiki a fulawa da sukari da man girki tun 2002, saboda haka tsarin yana nan, abin da ya rage shi ne sa ido da faɗaɗawa. A gida kuma, a jiƙa wake tun dare a rage kanwa, a sassauta surfe, a daina zubar da ruwan shinkafa, a ba shayi tazara daga abinci.

Binciken ƙwayoyin hanji zai ci gaba, kuma mai yiwuwa ne wata rana ya nuna wane majinyaci ne zai amfana da tayamin mai yawa, wane ne ba zai amfana ba. Ranar da hakan ya tabbata a manyan gwaje-gwaje, sai a karɓa hannu bibiyu. Kafin nan, dangin mai laulayin da aka ɗaura wa ƙarin ruwa suna da tambaya ɗaya da ta fi duk bidiyoyin nan amfani, kuma suna da haƙƙin yin ta cikin ladabi: Likita, an haɗa mata da bitamin B1?